Tart a Tandar Waina

Ku da kuka zo koyo, ku ajiye wayar nan tukuna. Na ga matar da ke cikin bidiyon, na gani. Hannunta tas, ɗakin girkinta ko ƙuda babu, ta zuba wannan ta zuba wancan, kafin ki ƙifta ido ta fito da siniya, babban farantin nan, cike da tart tana murmushi. Ku tambaye ta a wane gari take. In ta ce Khartum, ku ce mata Asabe ta Aljirif tana gaishe ta, kuma ta ce ƙarya take yi. A garin nan bota tana narkewa tun tana hannun mai kanti.

Tart ɗin tumatir da jibna ba wani abu ba ne a ido. Ɗan ƙoƙon fulawa ne da bai cika tafin hannu ba, a zuba masa farin cukun nan da muke ce wa jibna, a ɗora yankan tumatir, a barbaɗa habbatus sauda. Loma biyu ne ga mai kunya, loma ɗaya ga dangin ango. Shi ya sa kuke ganin wasa ne. To, da abin nan na aurar da 'ya'yan mutane fiye da yadda zan iya tunawa, kuma da shi na kusa kunyata tawa.

Ni ba a kan bota na tashi ba. Kakata da ƙafa ta baro ƙasar Haɗeja za ta Makka, ta iso bakin Nil, guzuri ya ƙare, ta ce bari ta ɗan huta. Hutun ne har yau muke yi. Da yumɓun Aljirif ta gina tandar waina, masu bulo suka gasa mata a cikin wutarsu, ta zauna kusa da su tana sayarwa. Inna ta gaje ta. Ni kuwa na tashi ina ƙin warin tandar nan, don a makaranta yara suna shinshina tufafina suna cewa ga Takruriyya ta zo da kasuwarta, sunan da suke kiran irinmu 'yan asalin yamma ke nan. Da na yi wayo na ce wa Inna ni ba zan zauna bakin titi ba. Ta ce, "To zauna a sama." Duk da haka ita ce ta nemo mini wurin koyo.

Wurin wata Bakibɗiya ne, Kirista 'yar asalin Masar, a Umdurman, Sit Marta, mai yi wa manyan gidaje kayan liyafa. Ranar farko ba ta tambayi sunana ba. Ta kama hannuna, ta ɗora ɗan bota a tafina, ta tsaya tana kallo. Nan take ya zama mai, ya bi tsintsiyar hannuna.

Ta ce, "Wannan hannun na masu wuta ne. Je ki wanke galib."

Galib su ne 'yan gwangwanayen da ake danna kwaɓin a ciki, masu baki kamar haƙoran zarto. Ta tara su cike da buhu, kowanne sai an bi lungunsa da tsinke. Na wanke galib har damina ta zo ta wuce. Kullum da safe kuma sai ta sa in tsoma hannuwana a ruwan randa har su yi sanyi, ta sake ɗora botar. Ran da botar ta zauna ba ta motsa ba, ta ce, "Yanzu kin zama mutum," ta ba ni fulawa.

Kwaɓin ba a murza shi kamar na gurasa. Da kan yatsu ake marmasa bota a fulawa, a yayyafa ruwan sanyi, a tattara, a ƙyale shi. In kin matsa masa zai yi tauri, baƙi su riƙa neman inda za su tofar. Da asuba ake yi, kafin rana ta farka, a kan falalen farin dutse mai sanyi. Sit Marta ta bar mini nata dutsen lokacin da za ta koma wurin 'ya'yanta a Masar, da buhun galib, da sandar murji wadda ta taɓa buga mini a gwiwar hannu don na yi hamma a kan kwaɓi.

Jibna kuma ta garin Duwaim ce, a garwa take zuwa, tana iyo a ruwan gishiri. Wadda ta zuba ta haka nan, to ta shirya wa mutane ƙishirwa ne. Jiƙa ta ake yi, a sauya ruwa, a ɗanɗana, a sake sauyawa. Sai tumatir, babban munafuki. A kasuwa ja wur, gwanin sha'awa, a cikin wuta sai ya saki ruwa ya jiƙe miki gindin tart ya zama kunu. Ki yanka shi siriri, ki barbaɗa gishiri, ki shimfiɗa a faifai ya zubar da hawayensa tun a waje. Na bakin kogi nake saye, na lokacin sanyi, mai nama. Da bazara in tumatir ya yi tsada wasu suna shafa na gwangwani. Ban ce komai ba. Allah yana ganinsu.

Wata shekara na kai siniyoyi furun na unguwa, wurin mai gasa burodi, lokacin ban sayi na gas ba. Na ce masa ya jira wuta ta kwanta bayan burodi. Ya ce ya fi ni sanin wuta. Ya fito mini da gawayi mai ɗigon ja a tsakiya, ya kuma tambaye ni ko haka Turawa suke so. Tun ranar nake tsayawa a bakin furun da kaina, in ya ga dama ya yi fushi.

Masu saye kuwa, na ga iri-iri. Akwai matar wani babba a unguwar Riyad ta nan Khartum da ta ce in yi mata tart ɗin tumatir da jibna, amma mijinta ba ya cin tumatir, ita kuma jibna tana tayar mata da hawan jini. Na yi mata ƙoƙunan wofi. Ta yaba ƙwarai, ta ce ba ta taɓa cin mai sauƙi irinsa ba.

Amma yawancin aikina na fatur al-aris ne. Kun san shi, karin kumallon da uwar amarya take aika wa gidan ango bayan biki. Sunansa ne kawai karin kumallo. Siniyoyi ne jere, nama da kaji da tattabaru, tuwon aside, kayan zaƙi, turare, sannan siniyar kayan fulawa a gaba. Matan gidan ango za su zauna su buɗe ɗaya bayan ɗaya. Ba yunwa suke ji ba. Karanta gidanku suke yi, kuma abin da suka karanta ranar, da shi za a riƙa kallon yarinyar har ta yi jikoki.

A cikin masu karatun nan babu kamar wata tsohuwa a tsohon Umdurman. Bari mu ce Hajja Batul, ba shi ne sunanta ba. Gidan asali, gidan manyan 'yan kasuwa, ƙofar katako mai ƙusoshi. Duk jikar da za ta aurar, ni take kira. Tana da ɗabi'a ɗaya: ba ta kallon saman tart. Za ta ɗauka, ta kife shi, ta dubi gindin, ta ƙwanƙwasa da farce. In ya yi ƙara ta ajiye. In bai yi ba ta miƙo miki ba tare da ta dube ki ba. Shekaru ina shiga gidan nan ta ƙofar baya, da Larabci muke magana, kuma ko sau ɗaya ba ta kira sunana ba. "Ya Takruriyya," shi ke nan. Ni kuma in ce, "Na'am, Hajja."

Sai yaƙi ya zo. Ba zan ba ku labarinsa ba, kuna nan. Mun gudu da kayan jikinmu zuwa gidan ƙanena Haruna mai gasa naman agashe a unguwar Sawra, ni da 'yata Safiya. Ita ma'aikaciyar jinya ce, ba ta zauna ba, kullum tana asibiti. A can ta haɗu da wani saurayi da ya kawo maƙwabcinsa da rauni, ya kuma riƙa dawowa duba maƙwabcin har bayan an sallame shi. Mu'awiya sunansa, yaro mai hankali. Da ya faɗi gidansu sai na nemi wuri na zauna. Jikan Hajja Batul ne.

Ita ba ta hana ba, don uban yaron ya riga ya amince. Abin da aka kawo mini ta faɗa shi ne, "'Yar mai aikinmu? To. Za mu ga faturinsu." Kuma ɗakin da Mu'awiya ya kama a Bahri babu rufi babu ƙofa, saboda haka a gidan tsohuwar Safiya za ta zauna, tsakar gida ɗaya, randa ɗaya. Na ji tsoro, ba zan ɓoye muku ba. Na san yadda ake zama a gidan nan in tsohuwar ta miƙo ki ba ta dube ki ba.

Da hanya ta buɗe na koma Aljirif in ɗauko kayan aikina. Na tarar an riga ni. Furun na gas babu, firji babu, siniyoyi babu, buhun galib babu. Wayar wutar ma an zare ta daga bango. Dutsen Sit Marta ya yi musu nauyi, sai suka fasa shi, don kada a ce sun bar wani abu. A bayan madafa, inda na kife ta tun rasuwar Inna, tandar Kaka tana nan. Ko ɓarawo bai ga abin ɗauka a jikinta ba. Na ɗauke ta ne kawai don kada in koma hannu wofi.

Na shiga kasuwar Umdurman neman maƙeran da suke buga galib. Layinsu toka. Na je furun ɗin Sawra, mai shi ya nuna mini mutanen da suke layin burodi har kwana, ya ce in zan iya gaya musu su jira tart, bismilla. Nama da kaji dangi sun haɗa, kowa da abin da ya iya. Jibna na samu rabin garwa wurin wani direba. Manoman bakin kogi sun koma, tumatir ya fito mai kyau kamar bai ji abin da aka yi ba. Komai akwai, sai abin gasawa da abin da za a gasa a ciki.

Safiya ta ce, "Yumma, ki bar tart ɗin nan. Kowa ya san halin da ake ciki."

Na ce, "Kowa ya sani, amma kowa ba shi zai kife ya duba ba. Ni na yi wa jikokinta. In tawa ta zo babu, kin san me za a ce?"

Ta ɗauki jakarta ta koma asibiti, don ta sani.

Haruna ne yana hura gawayinsa da la'asar ya dubi tandar a gefen bango ya ce, "Yaya, wannan ramukan ba girmansu ɗaya da gwangwanayenki ba?"

Na ce masa ya kula da namansa. Da ya fita na ɗauko ta na auna da tafin hannu. Girmansu ɗaya.

Na wanke ta, na shafe ta da man shanu, na ɗora a wuta ta sha, na sake shafawa. Warin nan da na gudu daga gare shi ya tashi ya cika gidan. Na murza kwaɓi da kwalba a bayan faranti, na danna a ramukan, na huda da cokali mai yatsu. Zubin farko, da gefen ya fara ja, wallahi ban san lokacin da hannuna ya ɗauki cokali ya juya shi ba, kamar yadda Inna take juya waina. Jibna da tumatir suka kife a ramin suna ƙauri. Haruna ya yi dariya har ya riƙe bango.

Ya ce, "Shekara nawa kina tart, ashe hannun yana nan yana jira."

Na ce, "In ka gama, zo ka yi mini wuta a sama."

Nan ya yi amfani. Mai agashe ya san garwashi kamar yadda na san bota. Ya samo murfin wata tsohuwar tukunya, ya rage wutar ƙasa har sai ka sa hannu ka ji ɗumi kawai, ya zuba garwashi a kan murfin. Muka ƙona, muka fitar da ɗanye, muka sake ƙonawa. Yaran gidan sun ci tart a makon nan har suka fara gudu in sun gan ni da faranti. Daga baya muka gane: a fara gasa ƙoƙon shi kaɗai, a ɗaga murfi a zuba jibna da tumatir, a mayar da murfin da sabon garwashi. Ya fito ja, ya yi ƙara a farce.

Saura matsala ɗaya. Galib gindinsa a shafe yake, tanda kuwa nata a zagaye. Tart ɗina ya ƙi zama. Ka ajiye shi ya karkata, ka gyara ya koma ɗaya gefen. Na tsaya ina kallonsu suna rangaji a siniyar aro. Sai na soya riɗi mai yawa, na zuba a siniyar ya yi kauri, na dasa su a ciki ɗaya bayan ɗaya. Suka zauna daram. Amma duk wanda ya ɗaga ya kife zai ga gindin waina, har da ɗan baƙin tanda.

Ranar fatur, uwar amarya ba ta zuwa, ƙannenta da ƙawayenta suke kaiwa. Ni na je. Ban yarda da mai raksha, keken nan mai ƙafa uku, ba, ban yarda da ramukan titi ba, na rungume siniyar a cinya har ƙofar gidan. Niyyata in miƙa in juya. Ina juyawa wata ta fito ta ce Hajja ta ce a shigo da uwar amarya. Ta ƙofar gaba na shiga, karo na farko, ban ma san akwai bishiyar lemo a wajen ba.

Tana zaune a kan gado a rumfa, ta rame, mata sun kewaye ta. Safiya tana gefe cikin lulluɓi, kanta a ƙasa. Aka buɗe nama, aka buɗe kaji, aka yi guɗa sama-sama. Aka zo kan tawa. Wata daga cikin surukan gidan ta ce, "Wannan kuma fa? A cikin riɗi?"

Hajja ta sa aka matso da siniyar. Ta miƙa hannu ta ɗauki ɗaya, ta kife. Tumatirin bai faɗo ba, na gode wa Allah a kan wannan. Ta dubi gindin. Ta daɗe tana dubawa. Ba ta ƙwanƙwasa ba. Sai ta kai shi hanci ta shinshina, ta rufe ido. Na ce a raina shi ke nan, yanzu za ta miƙo.

Ta buɗe ido ta ce wa matan da Larabci, "Ba ku san shi ba? Sabon yayi ne. Haka ake yinsa yanzu a waje." Ta ci.

Nan take kowacce ta san shi. Wata ta ce ta gani a waya. Wata ta ce a Dubai ma haka suke yi. Aka rangaɗa guɗa ta gaske, hannuwa suka yi kan siniyar.

Cikin hayaniyar ta yafito ni. Na durƙusa kusa da gadon. Ta kama wuyan hannuna, ta jawo kunnena bakinta, ta ce:

"Wa ya gina tandar?"

Sai da maganar ta shiga sannan na gane da wane harshe aka yi ta. Hausa ce. Ba irin tamu mai rabin Larabci ba, tsohuwar Hausa, irin ta bakin Kaka.

Na ce, "Kakata ce, Hajja."

Ta ce, "Ta sha mai. Ta uwata a rijiya aka jefa ta, ranar da za a kawo ni gidan nan." Ta dubi Safiya, ta dawo da ido kaina. "Je ki gida, Asabe. Yarinya tana wurina."

Asabe. Yadda Inna take faɗa, ba yadda Larabawa suke murɗe shi ba. Ashe duk shekarun nan ta sani. Na tashi zan tafi, ta sake jawo ni.

Ta ce, "Ran Juma'a ki aiko mini waina. Ki jera tart a sama."

Haka ake yi har yau. Kowace Juma'a siniya tana tafiya tsohon Umdurman, tart a sama, waina a ƙasa, da ɗan ƙulli na yaji. Ana raba wa mutanen gida tart, suna cewa Hajja tana son kayan waje. Sauran Safiya ce take shiga da shi ɗaki ta turo ƙofa. Ta ce mini tsohuwar ba ta magana in tana ci, sai ta gama ta ce a gaya mini ƙullun bai tashi sosai ba.

Na sayi sababbin galib tun da maƙera suka dawo, ga su can a kwando, su za ku wanke. Tandar kuwa kada wadda ta taɓa. Maganar nan kuma in na ji ta a waje, na san bakin da ta fito. Ke mai wayar, miƙo tafinki in ga abin da bota za ta ce. Ke kuma tashi ki jiƙa shinkafa, gobe Juma'a.